Daga Sirdi Zuwa Kushin: Tarihin Mazaunin Mahayi a Ƙasar Taura

Yau a kan kujerar babur za mu tsaya, wannan doguwar baƙar aba da kowa ke ɗarewa ba tare da ya dube ta ba. Duk wanda ya ƙare wa baburan da ke jere a bakin kasuwar Gujungu kallo ranar Lahadi zai lura cewa da wuya a sami biyu masu kujera iri ɗaya, alhali yawancinsu kamfani ɗaya ya ƙera su. Wannan an ƙara masa soso har ya yi tozo, wancan an lulluɓe shi da kafet, na gefe an ɗaura masa katako a kan kariya don ya ƙara tsawo. Kamfani ya gama nasa a Indiya ko Sin, mu kuma muka ɗora daga inda ya tsaya. Wannan ɗabi'a ta gyara mazauni ta girmi babur da ɗaruruwan shekaru.

Kalmomin da kansu suna nuna hanyar da kayan suka biyo. Sirdi daga Larabci muka aro shi, sarj. Haka linzami daga lijam, likkafa daga rikab. Ke nan doki da kayansa ta arewa suka shigo mana, tare da fataken Sahara da mutanen Borno. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Mutum ba zai ɗauki wannan nauyi a bayan doki ba sai da mazaunin da zai riƙe shi, shi ya sa sirdin Hausa yake da kwacciya mai tsayi gaba da baya. Mahayi yana shiga tsakaninsu kamar an dasa shi, ko an kai masa suka da mashi ba zai zame ba.

Amma sirdi itace ne, ba a zama a kansa haka nan. Taushinsa daga shimfiɗa yake zuwa, kuma shimfiɗar kashi biyu ce, domin jiki biyu ake kiyayewa. A ƙasa akwai zubka, wadda ke hana itacen cin bayan doki. A sama akwai ɗauki-saƙa da sauran shimfiɗu, waɗanda ke tausasa wa mutum zama. Jalala ta kwalliya ce, majayi kuma shi ke ɗaure komai a cikin dokin. Sirdi ɗaya sai ya bi ta hannun masassaƙi da baduku da maƙeri kafin ya kammala, kuma mai doki yakan je da kansa a dubi ƙirar dokinsa da tasa. Sirdin da bai dace ba yana yi wa doki gyambo a baya, dokin da ke da gyambo kuwa ya tashi daga aiki.

Wannan duk zancen masu sarauta ne da attajirai. Talakan ƙasar Taura jaki ya sani, da akumari. A 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori, kuma jakuna ne suka riƙa kai gyaɗa bakin tasha. Akumari don kaya aka yi shi. Idan an sauke buhuna mai jaki ya haye ya koma gida, arziƙin kayan ya ci.

Sai keke ya zo, da Raleigh a kan gaba. Kakanninmu suka dubi wannan 'yar fata mai sifirin a ƙasa suka kira ta sirdi, kuma ba su yi kuskure ba. Kamfanin Brooks na Birmingham a Ingila, wanda ya yi suna a sirdin keke, da kayan doki na fata ya fara a 1866, kafin ya yi rajistar sirdin kekensa a 1882. Wato can ma baduku ne ya bi mahayi daga doki zuwa ƙarfe. Sirdin keke na mutum ɗaya ne kamar na doki. Idan za a ɗauki wani, sai ya zauna a kan kariya, a ninka tsumma a sa masa. Ga kalmar da muka zaɓa wa wannan ɗauka: goyo, irin na uwa da ɗanta. Mu riƙe ta, don ita ce za ta juya labarin nan gaba.

Babur ma da sirdi ya fara. Wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa a Jamus a 1885 na katako ne, da sirdin fata a saman injin, kuma ana ba da labarin cewa a tafiyarsa ta farko zafin injin ya sa sirdin ya kama wuta. Shekaru masu yawa bayan nan babura ba su da sifirin a ƙafar baya, don haka a ƙarƙashin sirdin ake sa shi, kamar na keke. Abu biyu suka sauya wannan. Na farko, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka mayar da sifirin ƙafar baya, mazauni ya huta da aikin tare gargada. Na biyu, soso. A 1937 Otto Bayer ya gano sinadarin da ake yin sa da shi, kuma cikin shekarun 1950 ya shiga katifa da kujera. Da waɗannan biyu suka haɗu sai aka sami doguwar kujera mai ɗaukar mutum biyu. A nan ne harshenmu ya saki kalmar sirdi. Ba mai cewa sirdin babur sai jefi-jefi; sit muke cewa, ko kujera, ko kushin. A ganinmu harshen ya yi daidai, don abin da ake goyo a kansa ya tashi daga sirdi.

A Nijeriya babur ya fara yawa ne a hannun ma'aikata. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya sa malaman makaranta da malaman gona da akawu sun sayi Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. Babur na wancan lokaci abin ado ne. Mai shi yakan ɗinka wa kujerar riga don kada ta yi ƙura, kuma wanda zai goya ɗansa ne ko abokinsa. Ba wanda ke wuni a kai.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, mota ta fi ƙarfin mutane, ayyuka suka yi ƙaranci. Goyo ya zama sana'a: acaɓa a nan, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a kudu. Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta cika da ma'aikatan da suka taso daga Kano, zirga-zirga ta ƙaru a hanyar Gujungu zuwa Jahun da Kiyawa. Sai baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka shigo, bayansu Bajaj Boxer daga Indiya. Ana yabon Boxer da ƙarfin inji da rashin shan mai, amma mu muna ganin kujerarsa na cikin abin da ya ba shi kasuwa: doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu a tsakiya, ga kariya mai ƙwari a baya. Kamar dai an auna ta da goyo.

A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur cikin birni, kamar yadda Abuja ta riga ta yi a 2006. Birni ya koma A Daidaita Sahu. A karkara kuwa ba abin da ya maye gurbin babur, domin keke mai ƙafa uku ba ya shiga rairayi, kuma ba ya tsallake lakar fadamar Kogin Haɗeja da damina. Sunan jihar nan ma daga tuddan yashi aka samo shi. A irin wannan ƙasa ne kujerar da aka ƙera don kwalta take gamuwa da abin da ya fi ƙarfinta, kuma a nan mai kushin ya gaji baduku.

Aikinsa a ido ba shi da wuya. Kujera hawa uku ce: gindi na ƙarfe ko roba, soso a tsakiya, leda a sama wadda ake ɗamewa da ƙananan ƙusoshi ta ƙasa. Yakan ɓare ledar, ya yanke mataccen soson, ya liƙa sabo, ya sassaƙe shi da wuƙa, ya rufe. Soson kuwa sau da yawa guntayen na katifa ne. Vitafoam tun 1962 yake a ƙasar nan, don haka kayan aiki ba su taɓa yin wuya ba. Inda ake bambanta gwani da ɗan koyo shi ne wajen zaɓen soson. Mai saye yakan danna da yatsa, in ya ji laushi ya ce wannan ne. Laushin nan yaudara ce. Soso mai laushi yana lotsawa cikin 'yan mintuna, ƙashin mazaunai ya sauka a kan ƙarfe, kuma duk gargadar hanya ta wuce kai-tsaye zuwa ƙugu. Wanda ke riƙe mutum wuni guda shi ne mai tauri da nauyi a ƙasa, da siririn mai laushi a samansa. Tsarin sirdi ke nan aka maimaita, itace sannan shimfiɗa.

Faɗi ya fi kauri amfani. Nauyin mai zaune a kan ƙasusuwa biyu yake, in kujerar ta fi su ƙunci sai nauyin ya koma tsakiya, inda jijiyoyi suke, ƙafa ta fara mutuwa. To amma faɗin a baya ake son sa. Daga gaba, kusa da tanki, dole ta tsuke, in ba haka ba cinyoyi za su buɗe, ƙafa ta kasa kai ƙasa. Wannan ne haɗarin tozon da samari ke so. Kowane ƙarin soso yana ɗaga mahayi, kuma a rairayi da ƙafa ake tuƙi kusan kamar yadda ake yi da hannu. Wanda ba ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa duka, ranar da ƙafar gaba ta nutse a yashi da buhu biyu a baya, faɗuwa zai yi.

Leda ma tana da nata. Baƙa mai santsi tana ɗaukar zafi da bazara har a kasa zama, tana tara gumi, kuma in aka taka birki fasinja ya zamo ya danne direba a kan tanki. Shi ya sa ake shimfiɗa kafet ko tsohuwar darduma, ko wannan ragar da ake sayarwa yanzu mai barin iska ta ratsa. Kafet yana hana zamewa amma yana shan ruwa. Ɗinki a saman kujera, komai kyansa, ƙofar ruwa ce. Da damina soson ya jiƙe, ya yi kwanaki yana jiƙa wando, daga baya ya ruɓe. Mai kushin da ya san aikinsa yakan sa siririyar leda tsakanin soso da riga, ya kuma kai ɗinkin gefe.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, goyon mutum ɗaya ya daina fitar da kuɗin mai a doguwar hanya. Biyu ake ɗauka, wani lokaci uku. Direba ya matsa gaba har ya hau tanki, wato ya bar wa fasinja kushin ɗin da ya kashe wa kuɗi, shi ya zauna a kan ƙarfe. Shi ya sa ake ɗinka ɗan matashi a kan tanki, ake kuma jan soso har kan kariya. Gyaran yana ƙara wurin zama amma yana mayar da nauyi bayan ƙafar baya, gaba ya yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a yashi. Masu wuni a kai kuwa, a tambaye su labarin ciwon baya da na ƙugu.

Wadda ba a cika tunawa da ita wajen wannan zaɓe ba ita ce mace. Sirdi ba don ita aka sassaƙa shi ba, kuma kujerar babur ma da ƙirar namiji mai wando aka auna ta. Matan karkararmu da zani da hijabi suke hawa, wasu a karkace, sau da yawa da goyon yaro a baya, goyo a kan goyo. Kujera mai gangara ko mai tozo tana tura mace jikin direba, abin da ba ta so, ko ta ja da baya ta zauna a kan kariya. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun, kuma daga ƙauyukan da mota ba ta shiga, babur ne ke fito da mai naƙuda bakin titi. A irin wannan tafiya mutum uku ne a kai: direba, mai naƙuda a tsakiya, da wata a baya tana riƙe da ita. Kujerar da za ta ɗauke su sai ta zama shimfiɗaɗɗiya daga gaba har baya, mai tauri, marar santsi, da wurin taka ƙafa na mutum na uku, wanda kamfani bai sa ba, sai dai mai walda ya ƙara.