Kwalejin Jalan Semarak

A birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya akwai wata hanya wadda a da ake kira Jalan Semarak. Nan Turawan Ingila suka buɗe sabon ginin kwalejin sana'a cikin 1955. Asalinta makarantar horad da ma'aikatan gwamnati ce, kamar na safiyo da na jirgin ƙasa.

Bayan samun mulkin kai cikin 1957, sai ƙofarta ta yi ta faɗi. Cikin 1972 aka koma koyarwa da harshen Malay, cikin 1975 ta zama jami'a. Cikin 1993 kuwa ta kafa sashe domin magidanta masu aiki, su nemi ilmi ba tare da sun bar sana'arsu ba.