Wa Ya Gina Fasil Gebbi? Sake Duba Batun Turawan Fotugal

Har yanzu ana cin karo da ra'ayin cewa Turawan Fotugal ne suka gina fadojin Fasil Gebbi da ke Gondar, a arewacin Habasha. Matafiyan Turai ne suka yaɗa shi, masu rubutu don 'yan yawon buɗe ido suka gaje shi ba tare da bincike ba. A ganina hujjojin da ke hannu ba su kai su ɗauki wannan da'awa ba.

Tarihin garin sananne ne, masanin tarihi Richard Pankhurst ya riga ya tattara shi: Sarki Fasiladas (1632-1667) ya kafa Gondar wajen 1636, magadansa suka yi ta ƙara gine-gine a cikin ganuwa mai tsawon mita 900 da ƙofofi 12. Inda ake saɓani shi ne hannun da ya ɗora dutsen.

Lokaci ne ya fara ƙaryata ra'ayin. Mahaifin Fasiladas, Sarki Susenyos, ya bayyana shigarsa ɗariƙar Katolika a 1622, ƙasa ta rikice da yaƙi, ya sauka daga mulki a 1632. Ɗansa ya maido da cocin gargajiya, ya kori limaman Katolika, shugabansu Afonso Mendes, ɗan Fotugal, ya bar ƙasar a 1634. Da wuya a ce waɗanda aka kora ne suka gina fadar da aka aza tubalinta bayan tafiyarsu. Ga kuma shaidar ido: jakadan Imamin Yaman, Hasan ɗan Ahmad al-Haimi, ya isa Gondar a 1648, ya ga ginin dutse da farar ƙasa, ya kuma rubuta cewa maginin mutumin Indiya ne.

Mai jayayya yana da abin cewa, kuma bai kamata a raina shi ba. Zai ce fasahar ƙona farar ƙasa a kwaɓa ta don ta riƙe dutse ta bazu ne a zamanin limaman, a shekarun 1620, lokacin da aka yi gine-gine a Gorgora, bakin tafkin Tana, da kuma Danƙaz. Ba tare da ita ba, bene mai tsayin kusan mita 32 ba zai tsayu ba. Zai ƙara da cewa jikokin sojojin Fotugal 400 da suka zo da Kiristoba da Gama a 1541 suna nan a ƙasar. Na yarda da zancen farar ƙasa, don haka ba zan ce ginin na Habasha ne zalla ba. Abin da nake iya karewa ya fi haka ƙanƙanta. Limaman ta Gowa da Diyu suka biyo, kuma daga can Indiya aka kawo magina. Wanda ya sa a yi aiki daban, wanda ya san awo da kwaɓi daban. Su kuwa jikokin sojoji, bayan kusan shekara 100 da auratayya, kiran su Turawa sai an matsa wa kalmar.

Sannan aikin bai tsaya da Fasiladas ba. Yohannes na ɗaya ya gina ɗakin littattafai, Iyasu na ɗaya (1682-1706) ya gina tasa fadar, Dawit na uku zauren waƙa, Bakaffa zauren liyafa, Sarauniya Mentewab ta biyo da nata benen. Sama da ƙarni guda ke nan ana gini, babu limamin Fotugal ko ɗaya a fada. Magina 'yan ƙasa, ciki har da Beta Isra'ila (Yahudawan Habasha), su ne suka riƙe sana'ar.

Dole a yi hattara da kafa hujja da siffar bango kawai, kuma wannan ya shafi ɓangarorin biyu. Girgizar ƙasa ta 1704, farmakin dakarun Mahadi daga Sudan a 1888, gyare-gyaren Italiya, da bama-baman Birtaniya a 1941 duk sun taɓa ginin. Hasumiya mai ƙubba ba ta isa ta nuna wa mai bincike asalin maigininta ba.

Abin da shaidu suka ba da dama a faɗa shi ne: fasahar ta iso ta hanyar Indiya, sarakunan Habasha suka ba da umarni, maginan ƙasar suka ci gaba da ita. Laƙabin ginin Fotugal bai dace da Fasil Gebbi ba, kuma ya kamata a cire shi daga littattafan koyarwa.