Diyyar ɗalibin da malami ya ci zarafinsa: Abin da doka ta tanada a Kano

Tun bayan da Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke hukuncin kisa a watan Yulin 2022 a kan mai makarantar da ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, iyaye suka ƙara sa ido a kan makarantu. Sai dai hukunta mai laifi daban, biyan diyya ga wanda aka cutar kuma daban. Wannan na biyun ne ya fi shige wa jama'a duhu, musamman a ƙananan hukumomin kudancin jihar kamar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda akasari ake kashe magana a zauren mai unguwa ko dagaci.

Iyakar horo

Sashe na 55 na dokar Penal Code ya bai wa malami damar ladabtar da ɗalibi, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Karaya ko lalata ido ko kunne sun wuce wannan iyaka. Lalata da yaro kuwa babban laifi ne, kuma fyaɗe ba ya cikin laifukan da doka ta yarda a sasanta. Haka kuma sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, sannan a 2023 Kano ta samu dokar kare yara tata.

Hanyoyin neman diyya

Hanya ta farko ita ce shari'ar laifi, inda kotu ke da ikon umartar wanda ta samu da laifi ya biya diyya. Ta biyu ita ce ƙarar neman haƙƙi, wadda uba ko waliyyi ke shigarwa a madadin yaron. A nan ana iya haɗa malamin da wanda ya ɗauke shi aiki, mai makaranta ko hukumar gwamnati, idan laifin yana da alaƙa da aikinsa ko an yi sakaci wajen sa ido. Ta uku ita ce ƙarar take haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu bisa sashe na 46. A kotunan Musulunci kuma akwai diyyar rai da ta gaɓoɓi.

Lokaci da hujja

Jinkiri kan jawo asara. Dokar kare jami'an gwamnati ta ƙayyade wata uku don shigar da wasu ƙararraki a kansu, amma ƙa'idojin 2009 sun ce wa'adi ba ya shafar ƙarar take haƙƙin ɗan Adam.

Hujja mafi ƙarfi ita ce rahoton likita da aka samu kafin rauni ya warke, tare da hotuna da rasiɗan magani da sunayen shaidu. Iyalin da ke Doguwa ko Tudun Wada ba sai sun jira zuwa birni ba: asibitin gwamnati mafi kusa da ofishin 'yan sanda na yankin su ne matakin farko. A batun fyaɗe, Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano tana duba waɗanda abin ya shafa kyauta.

Ga marasa hali, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA duk suna da ofisoshi a Kano. Shawarar lauya kafin sa hannu a takardar sulhu tana da muhimmanci, domin ɗan abin da ake karɓa a zaure ba kasafai yake isar kuɗin maganin shekaru masu zuwa ba.