Tarihin Furucin Ƙagaggun Sunayen Wurare a Wasannin Almara

Matsalar furta ƙagaggun sunayen wurare ta girmi wasannin almara na tebur. A shekarar 1955, J.R.R. Tolkien, shehun malamin harshe a Jami'ar Oxford, ya sanya rataye a juzu'i na uku na littafinsa The Lord of the Rings domin fayyace furuci. A ciki ya nuna cewa harafin c sautin /k/ yake wakilta a koyaushe, saboda haka Cirith Ungol da /k/ yake farawa, saɓanin yadda mai karatun Ingilishi ko Hausa zai zata. Haka kuma ƙarfin murya yakan sauka a gaɓar kusa da ƙarshe idan nannauya ce, kamar a Pelargir. Idan sassauƙa ce, sai ya koma kan wadda ta gabace ta, tamkar tsarin Latin.

Fitowar wasan Dungeons & Dragons a 1974 ta sauya al'amarin, domin sunayen sun bar takarda sun koma bakin 'yan wasa, waɗanda tilas su yi ittifaƙi a kan furuci guda. M.A.R. Barker, masanin harshen Urdu, ya bi sawun Tolkien: a duniyarsa ta Tékumel (1975) ya ɗora alama bisa wasalin da ake ƙarfafawa, sannan ya wallafa nahawun harshen Tsolyáni a 1978. Mujallar Dragon kuwa jerin kalmomi da furucinsu ta buga a 1985.

Daga nan hanyoyi biyu suka bayyana, wato ƙa'ida da jeri. Jeri yakan warware sunayen da ke cikinsa kaɗai, ƙa'ida kuwa takan ba mai karatu damar furta sunan da bai taɓa gani ba.