Daga Bakalori zuwa Tekun Meziko: Tarihin Tankaɗen Manyan Ayyuka

Gabatarwa

Duk wani babban aiki da gwamnati ko kamfani zai yi, ko madatsar ruwa ce ko rijiyar mai a tsakiyar teku, akwai ranar da wani ma'aikaci zai zauna a ofis ya yanke shawara guda: shin wannan aiki yana bukatar cikakken binciken illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a, ko kuwa ɗan dubawa ya isa? Wannan mataki shi za mu kira tankaɗe. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bin tarihinsa, domin a ga yadda ya shafi talakan fadama.

Zamanin da babu rariya

A shekarun 1970 Nijeriya ba ta da dokar da ta tilasta irin wannan bincike. A wannan hali ne kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, daga 1974 zuwa 1978. Tafkin ya cinye kimanin hekta 8,000, ya tashi dubban iyalai. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, aka kashe mutane da yawa.

Amma fa akwai wata ɓarnar da ba ta yi ƙara ba. Manoman da ke gangaren gulbi sun dogara ne da ambaliyar damina, wadda ke jiƙa fadama ta bar mata taki. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, masunta suka rasa kifi. Lissafin masu aikin ya tsaya a kan gonakin da za a ba ruwa, bai gangara ya ƙidaya waɗanda aka hana ba.

Mutanen ƙasar Gobir ma abin bai tsallake su ba. Gulbin Bunsuru da ke ratsa ƙasar Isa ya samu madatsar Zobe a kan Karaduwa, can sama kusa da Dutsin-ma, cikin 1983. Gulbin Maraɗi kuma, wanda ke shiga Nijar ya komo ta wajen Sabon Birni, an datse shi a Jibiya. Watau dai ruwan da manomin Isa ko na Kamarawa ke jira, a ofisoshi masu nisa ake yanke masa hukunci.

Zuwan doka

Abin mamaki, ta teku gyara ya shigo. Cikin 1988 aka gano dubban ganguna na dattin masana'antu mai guba da jiragen ruwa suka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Bendel ta lokacin. A shekarar gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, sannan cikin 1992 ta fitar da doka mai lamba 86 a kan binciken illar ayyuka. Daga 1999 aikin ya koma hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Dokar ta jera ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike. Cikinsu akwai tafkin da ya kai hekta 200, da noman rani na hekta 5,000, da buɗe filin haƙar mai ko iskar gas, da bututun mai na cikin teku da ya wuce kilomita 50. Da a ce da wannan ma'auni aka auna Bakalori, da tafkinta ya ninka iyakar sau 40. Sauran ayyuka kuwa ana tankaɗe su ne, a dubi girmansu da wurin da za a yi su, sannan a ce ko a zurfafa bincike ko a wuce. In an yi rahoto, akan ajiye shi kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su yi ƙorafi.

Darasi daga teku

Kada mai karatu ya zaci samun doka shi ne ƙarshen magana. Amurka ce ta fara irin wannan doka, tun 1 ga Janairu, 1970, amma ta ware wasu ayyuka da aka ɗauka ba su da haɗari, aka yafe musu bincike. Cikin 2009 hukumar kula da ma'adinai ta ƙasar ta sa shirin kamfanin BP na haƙa rijiya a Tekun Meziko cikin wannan rukuni. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, rijiyar ta fashe, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Daga baya aka rushe hukumar, aka raba masu karɓar kuɗin mai da masu sa ido a kan haɗari, domin an gane kura ba ta kiwon akuya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ƙaddarar aiki tana yankuwa ne tun a wurin tankaɗe. In ramukan rariya suka yi faɗi, tsakuwa za ta wuce tare da gari. Saboda haka duk ranar da aka ji za a datse wani gulbi, tambayoyin da ya kamata ɗalibi ya yi su ne: a wane rukuni aka sa aikin, ina aka ja iyakar binciken, kuma an kai rahoton inda manomin gangare zai ji shi da harshensa? Rigakafi dai ya fi magani.