ATAMFAR NKRUMAH: TARIHIN DA MATA SUKA ƁOYE A AKWATI

Yau za mu ɗan huta da labarin soyayya, mu leƙa ƙasar Ghana, domin akwai wata tsohuwar atamfa da ta cancanci a ba da tarihinta.

Ranar 6 ga Maris 1957 ƙasar da Turawan Ingila ke kira Gold Coast ta samu 'yancin kai, ta koma Ghana, Kwame Nkrumah ya zama firayim minista. To kun dai san mata, biki ba ya cika sai da anko. Sai ga atamfa ta cika kasuwannin Accra da Kumasi, an buga fuskar Nkrumah cikin da'ira a jikinta, ta yadda duk wadda ta ɗaura zanen, inda ta nufa nan shugaba ya nufa.

Wannan al'ada ta girmi Nkrumah a mulki. Tun 1935, da aka yi bikin cikar Sarkin Ingila George na biyar shekara 25 a kan gado, hotonsa da na matarsa ya bazu a Afirka ta Yamma, har marinan Yarabawa suka ɗauke shi suka mai da shi zanen adire da suke kira Oloba. Wato fuskar sarkin Turawa aka saba gani, sai ga ɗan ƙasa ya gaje wurin.

Ku lura, yawancin irin waɗannan atamfofi ba su ne masu tsadar nan irin 'yar Holan ba, waɗanda ake yi da danƙo, launi ya ratsa ciki da baya. Masu fuska ɗaya ne, inji ke buga musu zane a sama. Su ke fitar da hoton mutum sosai, ga arha, talaka ma ya iya sayen turmi.

Abin mamaki, a 1957 Ghana ba ta kai ga mallakar manyan masaƙunta na buga atamfa ba. Ta Tema, wato GTP, sai a 1966 ta fara aiki, ta Akosombo kuma a 1967. Saboda haka daga ƙetare aka kawo atamfar murnar rabuwa da Turawa, kamfanonin Turai suka ci ribarta. Ɗan kasuwa ai ba ruwansa da wanda ya hau ko wanda ya sauka.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Ranar 24 ga Fabrairu 1966, Nkrumah na kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Aka tumɓuke gunkinsa da ke gaban majalisa a Accra. A 1967 aka fito da sabon kuɗi babu fuskarsa. Shi kuwa ya zauna gudun hijira a Gini wajen Sekou Toure, ya rasu a Bukares ta ƙasar Romaniya a 1972.

To ina aka baro zanen? Gunki a fili yake, kuɗi kuma na gwamnati ne, ta ga dama ta janye abinta. Amma wa zai bi gida-gida yana buɗe akwatin matan aure? Wadda ke da shi sai ta ninke, ta tura ƙasan kaya ta yi shiru. Da zamani ya juya, har aka gina wa Nkrumah katafaren hubbare a Accra a 1992, zanen yana nan, sai dai launi ya ɗan koɗe. Yau gidajen tarihi na Turai da Amurka suna adana irinsa, masana na nazarinsa.

Don haka 'yan'uwa mata, kafin ku yage tsohon zanen kaka ku yi tsumman goge-goge, ku warware shi ku dubi fuskar da ke jiki. Allah ya sa mu dace, amin.