A Nan Za a Yi, Ko Gida Za a Kai Shi?

A cikin birnin Zazzau, idan aka yi rasuwa ba a shawarar inda za a kai mamaci. Makabartar da ta karɓi kakansa ita za ta karɓe shi. Amma da zarar ka tsallake kogin Kubanni ka shigo Sabon Gari, ko ka miƙe hanyar Sakkwato har Samaru, akwai gidajen da bayan salati da koke-koke sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce: a nan za a yi, ko gida za a kai shi? Tambayar ta girmi duk wani mai rai a garuruwan nan biyu, kuma wanda ya bi diddigin amsoshinta ya san yadda baƙi suka zama 'yan gari.

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Gari. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, ya kwaso akawuna da makanikai da 'yan kasuwa, Yarbawa da Nufawa da Ibo, ga leburori Hausawa daga ko'ina. Turawa ba su so su cakuɗu da mutanen birni, sai suka yanka musu filaye kusa da tasha. Har yau sunayen layuka irin su Lagos Street da Benin Street suna faɗin inda mutanen farko suka fito. Samaru ta biyo baya: gonar gwaji ta ma'aikatar gona a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda ta tara malamai daga Ingila da Indiya da Gana da kowane lungu na Nijeriya. Cikinsu babu wanda ya zo da niyyar mutuwa a nan. Baƙo raɓa ne, kowa jira yake ya tara abin da zai tara ya koma. Mutuwa ce ba ta jira ba. A zamanin da babu ɗakin sanyi na ajiye gawa, kamar shekarar 1918 da annobar mura ta shigo ta Legas ta bi layin dogo zuwa Arewa, inda rai ya fita nan ƙasa take karɓa, ko Musulmi ko Kirista.

Ga Musulmi wannan ba sabon abu ba ne. Gaggauta jana'iza umarni ne, kuma ƙasar Allah duk ɗaya ce. Ko sarauta ba ta sauya hukuncin ba. Sarkin Zazzau Kwasau da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, waɗanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, can suka cika, can kuma suke kwance. Ɗan Sidi ya rasu a 1924, ba a ɗauko shi zuwa Zazzau ba.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya zo, kuma bai taɓa daina cewa zai koma ba. Ya rasu da asuba a Sabon Gari. Kafin hantsi an yi masa wanka, tela ya haɗa likkafani, an aro makara daga masallacin unguwa. A makabarta na tsaya bakin ramin ina kallon aikin da ban taɓa lura da shi ba sai ran nan. An haƙa babban rami, a tsakiyarsa an tsaga ƙarami daidai faɗin mutum. Aka kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, aka kwance ɗaurin likkafanin, aka jera itace a gicciye. Wani tsoho mai haƙa ya riƙa karɓar kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana toshe duk wata kafa da tafin hannunsa, a hankali, har ya tabbata busasshiyar ƙasa ba za ta zubo wa mamacin ba. Bai san mahaifina ba, bai kuma nemi ko kwabo ba. 'Yan'uwa daga ƙauye sai da la'asar suka iso, suka tarar da mu a kan tabarmi. Ƙanen mahaifin namu ya zauna, ya shafa fatiha, ya ce, "To, yanzu kam kun zama 'yan nan." Gaskiya ya faɗa. Gidan haya muke ciki, amma daga ranar muna da wurin da ba mai tashinmu.

Maƙwabtanmu Kiristoci wata hanya suka bi da zamani ya ba su dama. Da motoci suka yawaita, asibitoci suka sami ɗakin ajiye gawa, sai kai mamaci gida ya zama wajibi ga mafi yawan Ibo. Gawa takan yi makonni a asibiti, a da na Tudun Wada, yanzu na Shika, ƙungiyar 'yan garinsu tana karɓar gudummawa, kafinta yana haɗa akwati, ana buga hoton mamaci ana liƙawa a bango. A yi kwanan zaune da waƙoƙin coci, da asuba mota ta kama hanyar Kudu. Ina yaro abin yana ba ni mamaki. Da na girma na gane abu ɗaya muke nema da su: kada a wulaƙanta namu. Su a wurinsu wulaƙancin shi ne a bar uba a ƙasar baƙunta, mu a wurinmu shi ne a bar shi ya kwana bai shiga makwancinsa ba. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga coci ba, amma duk sanda aka yi mutuwa a gidan da ke jikin namu, tukunyarta ce take fara isa.

Hatta tsakaninmu Musulmi al'adar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da can akwai sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. A daka gumba, a soya waina da ƙosai, malamai su sauke Alƙur'ani, almajirai su cika ƙofar gida. Yarbawa Musulmi na Sabon Gari kuwa taron addu'arsu na kwana takwas ne, har da anko. Bayan an kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, masu wa'azi suka ce waɗannan tarurruka bidi'a ne, kuma sau da yawa dukiyar marayu ake ci. Samaru, garin ɗalibai da malaman jami'a, ta karɓi wannan kira da wuri. An sha rigima a cikin gida ɗaya, wa yana son a yi arba'in, ƙane ya ce ba da shi ba. Yau gidaje da yawa kwana uku suke zaman makoki a watse, wasu kuma suna nan a kan tsohuwar hanya. Abin da bai motsa ba shi ne takabar mace wata huɗu da kwana goma, da gaisuwar da kowa ya sani: "Ya haƙuri?" a amsa, "Da godiya," a ce, "Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan."

Darajar kabari ba ta fitowa sosai sai a tuna waɗanda ba su samu ba. A tarzomar 1966, ta watan Mayu da wadda ta biyo baya a ƙarshen damina, an kashe Ibo a Sabon Gari, sauran suka cika jiragen ƙasa suka gudu, da yawa ba su san inda aka sa nasu ba. Bayan arangamar sojoji da mabiya Shi'a a Zariya a Disambar 2015, gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando da ke Kaduna. Wanda bai ga an rufe nasa ba, haƙurinsa ba ya kama ƙasa.

Yanzu 'ya'yanmu da ke karatu da aiki a waje suna kawo labarin wata amsa ta uku. A Japan kusan kowa ƙone shi ake yi, a Birtaniya ma mafi yawa haka ne, a ba iyali tokar a cikin tulu su ajiye ko su watsa a inda mamacin yake so. Jihar Legas ta yi dokar da ta halatta hakan ga mai so a 2013, zamanin Gwamna Fashola. Ga mabiya addinin Hindu ibada ce, ba na kuma raina ta. Amma a nan liman da fasto bakinsu kusan ɗaya ne, mutanensu ƙasa suke so. Da gwamnatin Siri Lanka ta tilasta ƙone waɗanda korona ta kashe a 2020, har da Musulmi, sai da duniya ta yi ca kafin ta janye a farkon 2021.

Mu ba ma ajiye wani abu na jikin mamaci, sau da yawa ko suna ba ma rubutawa a kabari. Damina biyar ta isa ta baje tudun. Tunawarmu a jikin masu rai take. A haifi yaro a sa masa sunan kakansa, a riƙa kiransa Abba ko Halifa don kunyar faɗin sunan. A biya bashin da mamaci ya bari, a ci gaba da gaida abokansa, a haƙa rijiya ko a dasa bishiya da niyyar ladan ya kai gare shi.

Sai dai akwai bashin da muke mantawa. Makabartun da aka yanka a bayan gari yanzu gidaje sun kewaye su, wasu sun cika, zaizaya tana cin wasu, masu haƙa kuma sun tsufa babu albashi. Mai shekara ɗari da 'yan kai a wuri ya wuce a kira shi baƙo. Idan jikokin leburorin reluwe da na ma'aikatan gonar gwaji suna son 'ya'yansu su sami inda za su sa su, yanzu ne lokacin sayen fili da zagaye shi da katanga, tun dillalai ba su riga mu ba.